Wane Suna Za A Ba Metronom Da Hausa?

Anu Araren, kusa da Cirozerin a jihar Agadas, da gawayin ƙasa aka san shi. Nan kamfanin SONICHAR, wanda aka kafa a 1975, yake haƙo kwal yana samar da wutar da ke kaiwa Agadas da Arlit. Amma wurin ya girmi kamfanin. Anu da Tamajak rijiya ce, kuma duk inda rijiya take a Abzin akwai makiyaya, akwai biki, akwai kiɗan tende. Saurayin da ke koyon jita a wannan yanki ya tashi da tafin mata a kunnensa, yau kuma ga wata manhaja a waya mai yin ƙas, ƙas, ƙas, an ce ya riƙa bin ta in yana son hannunsa ya daidaita. Sunanta metronom, kuma har yanzu Hausa ba ta raɗa mata nata ba.

Kalmar daga Girkanci aka ƙera ta: metron, awo ke nan, nomos kuma doka. Wani Bajamushe, Johann Maelzel, shi ya yi wa na'urar rajista da wannan suna a 1815, ko da yake dabarar ta Dietrich Winkel ce, mazaunin Amsterdam, wanda ya riga shi haɗa ta. Ta asali akwati ce mai siffar dala, da sanda mai lilo da ɗan ƙarfe a jikinta. A ɗaga ƙarfen ta rage sauri, a sauke shi ta ƙara. Yawanci tana bugawa daga 40 zuwa 208 a minti. A 1817 mai tsara kiɗa Beethoven ya fitar da lambobin saurin da yake so a kaɗa manyan kaɗe-kaɗensa da shi. Kafin nan Turawa da kalmomin Italiyanci suke kwatance, irin su adagio da allegro, kowa ya fassara a hankali da hanzari yadda ya ga dama. Buƙatar na'urar ta taso ne domin kiɗansu a rubuce yake: wanda ya tsara yana wani gari, mai kaɗawa yana wani, babu mai gyara wa wani.

Kiɗan Hausa bai san wannan rabuwa ba, shi ya sa sunayen da muke da su na mutane ne da kayan da ke hannunsu. A rukunin kalangu irin na Mamman Shata, babban kalangu yana magana, yana kirari, yana yawo inda ya so, amma ɗan kuntuku bai isa ya motsa daga bugunsa ba. Shi ke riƙe da kiɗan. Haka kazagi yake a bayan manyan ganguna, kuma daga nan aka samo 'yan kanzagi, masu mara wa wani baya a kan duk abin da ya faɗa. A kiɗan garaya caki ne ke wannan aiki. A amada, irin ta Barmani Coge, akwai ƙwaryar da ake kifawa a kan ruwa ana bugawa da sanda, muryarta na fita da kauri a ƙarƙashin sauran.

Wannan ƙwaryar ruwa ita Abzinawa ke kira asakalabo, kuma ita ce abokiyar tende. Tende kuwa turmi ne kawai, sunan ma ke nan. A rufe bakinsa da fatar akuya, a ɗaure fatar a jikin taɓare biyu, mata biyu su zauna a kan taɓaren don ta ɗame, ana yayyafa mata ruwa lokaci-lokaci. Mace ɗaya na ba da waƙa, sauran na amshi suna tafi, mahaya suna kewaye su a kan raƙuma, takun raƙumi na tafiya da bugun turmin. Da samarin Agadas suka rungumi jita, wannan tushe suka ɗora ta a kai. Ƙungiyar Etran de L'Aïr, wadda ta fara a 1995 tana kiɗan bukukuwan aure, da jita ɗaya da ƙwarya ta soma, ana bugun ƙwaryar da takalmi.

Sauran kalmomin kiɗa da muke da su kowace da inda ta dosa. Take kiɗa ne da aka keɓe wa wani mutum ko wata sana'a, kamar taken mahauta ko na ɗan dambe. Amo da sauti abin da kunne ke ji ne. Kari ya fi kusa, domin shi ne awon gajeru da dogayen gaɓoɓi a baiti, kuma in aka saɓa masa sai a ce waƙa ta karye. Sai dai kari na harshe ne, ana iya rera kari ɗaya da sauri ko a hankali. Abin da metronom ke aunawa, wato yawan bugu a minti, shi mawaƙan situdiyo a Kano da Yamai suke kira tempo, kalmar Italiyanci mai nufin lokaci, wadda ta iso Nijeriya ta Turanci, Nijar ta Faransanci.

Inda Hausa ta fi wadata shi ne wajen faɗin halin da kiɗa ke ciki. Ana cewa kiɗa ya zauna, in kowane hannu ya sami gurbinsa. Ana cewa ya ɗau zafi, ko ya yi sanyi, ko wane ya kauce. Ɗaukar zafi ba laifi ba ne. Duk wanda ya saurari mai jita Mdou Moctar ya san yadda waƙa ke farawa a natse, ta yi ta hawa har mai ganga da masu jita su kai ƙarshe a guje, duka tare. Wannan da gangan ne. Laifin shi ne mutum ɗaya ya yi gaba ba da saninsa ba, sau da yawa a wurin da yatsu ke shan wuya, ko ya ja baya in ya gaji. Na'urar wannan cutar take warkarwa, domin ba ta jin kunyar kowa, ba ta kuma bin mai kuskure yadda abokin kiɗa kan bi shi don rufa masa asiri.

Mai koyo ya sa ta a 60, bugu ɗaya kowace daƙiƙa. Ya fara da kaɗa tsirkiya sau biyu a cikin kowane bugu, in ya zauna ya koma sau uku, sannan ya riƙa sauyawa ba tare da ya tsaya ba, domin yawancin kiɗan jitar Abzin a kan haɗuwar biyu da uku yake tafiya. Kada ya ƙara sauri sai wurin da ke ba shi wuya ya fita sumul, kuma ƙarin ya zama kaɗan-kaɗan. Daga baya ya rage ƙarar wayar na ɗan lokaci yana ci gaba da kaɗawa, ya maido ta ya ji ko suna tare. In bugunsa ya faɗa daidai kan nata, ƙarar na'urar kan ɓace masa a kunne.

To, wane suna ya dace? Agogon kiɗa yana da daɗin faɗa, amma agogo sauri ɗaya gare shi, wannan kuwa kai ke gaya mata saurin. Mai riƙe kiɗa ya yi mata yawa, domin ɗan kuntuku yana kallon ƙafar masu rawa, yana jin numfashin mawaƙi, ya san lokacin da za a ɗaga. Ita ba ta san komai a cikin wannan ba. Ma'aunin bugu ya fi faɗin gaskiyarta. Wurin aikinta ɗakin koyo ne da situdiyo, inda ake ɗaukar jita yau, murya gobe, dole kowa ya hau layi ɗaya. A filin biki kuwa, riƙon kiɗa yana hannun mai ƙwarya da masu tafi, kuma wanda ya sha horo da ma'aunin shi ya fi iya bin su in sun ɗau zafi.