Tarihin 250.02, Lambar Ciwon Sugan da Ya Ƙi Jin Magani

Yau tarihin wata lamba zan ba ku, wadda masu ciwon suga a Amurka suka shekara ashirin da wani abu tana cikin fayil ɗinsu: 250.02.

Bari in ɗauko muku daga tushe. A 1893 wani Bafaranshe masanin ƙididdiga, Jacques Bertillon, ya tsara jerin abubuwan da ke kashe mutane, don ƙasashe su riƙa ƙirga mace-mace da mudu ɗaya. A 1948 Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi aikin, aka shigar da cututtukan masu rai. Kundin nan shi ake kira ICD, kowace cuta da lambarta.

Amurka ta yi nata samfurin a 1979. A ciki ciwon suga shi ne 250. Idan likita ya rubuta cewa nau'i na biyu ne kuma ba a shawo kansa ba, sai a buga 250.02.

To a nan gizo ke saƙa. Ba a shawo kansa ba, ta wane gefe? Wani sugansa ya yi sama, yana fama da ƙishirwa da yawan fitsari. Wani kuma magani ne ya yi masa yawa, sugan ya faɗi ƙasa da 70, yana gumi yana karkarwa. Abin da zai ceci wannan shi zai iya kashe wancan, amma kalma ɗaya likita ya rubuta musu.

Ranar 1 ga Oktoba 2015 Amurka ta koma sabon kundi, 250.02 ta kau. Yanzu hauhawar suga ita ce E11.65, faɗuwarsa ba tare da doguwar suma ba kuma E11.649. Ma'aikacin da ke sa lamba ba shi da izinin yin hasashe. In rubutun bai fayyace ba, dole ya koma ya tambayi likita, domin da lambar nan kamfanin inshora ke biya, da ita masu bincike ke ƙirga marasa lafiya.

Shi ya sa nake cewa, in kun raka Baba ko Mama asibiti, kar ku tsaya a "sugan bai daidaita ba". Ku tambaya: sama ya yi ko ƙasa? Nawa gwajin HbA1c ya nuna, wanda ke auna kimanin wata uku? Ku roƙa a rubuta a kati.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.