Daga bukkar katako zuwa gidan haya: tarihin ɗakunan Butlin's a bakin teku

Yau za mu leƙa Ingila, garin Skegness da ke bakin teku, mu ji yadda ɗakin kwanan talaka mai zuwa hutu ya yi ta canza kama.

Wani ɗan kasuwa mai suna Billy Butlin ya taɓa sauka a gidan baƙi a Barry Island. Can ya ga yadda masu gida ke fitar da baƙi bayan karin kumallo, ba su da damar komawa ɗaki sai lokacin abinci, ko da ruwa ake yi. Abin ya tsaya mashi a rai. A watan Afrilu na 1936 ya buɗe sansanin hutu a Skegness, mai ƙananan ɗakuna wajen 600 jere reras.

Ɗakunan farko ba wani abin a zo a gani ba ne. Katako ne da siminti shafal-shafal, gado, wurin ajiye kaya da fitilar lantarki. Babu makewayi a ciki, babu abin ɗumama ɗaki. Wanka da bayan gida sai an fita zuwa na kowa da kowa. Abinci sau uku a babban zaure, da safe kuma lasifika ce ke tada mutane. Da dare ma'aikata na zagaya layukan ɗakuna, in sun ji kukan jariri su sanar da iyayen da ke wurin wasa. Amma fa ga ma'aikacin masana'anta wannan babban abu ne: ɗakinka naka ne, ka shiga ka fita sadda ka ga dama, ba mai korar ka. A 1938 aka yi dokar hutu da albashi, kasuwa ta ƙara buɗewa.

Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, sojan ruwa suka karɓi sansanin, ɗakunan suka koma makwancin kurata. Sai a 1946 baƙi suka dawo.

Shekarun 1960 ne suka kawo babban sauyi. A sababbin sansanoni irin su Bognor Regis da Minehead aka fara gina ɗakuna a benaye, aka riƙa saka makewayi a ciki. Daga baya aka ƙaro masu kicin, iyali su dafa abin da ransu ke so, su ci lokacin da suka so. Dalili? Gidajen ma'aikata kansu sun gyaru. Wanda ke da bayan gida a gidansa ba zai biya kuɗi ya je ya bi layi da tawul a kafaɗa ba.

Sai ga jirgin sama ya yi araha, Turawan Ingila suka fara kwarara Sifaniya, inda ake da rana da otal mai komi a ciki. Wannan ya karya sansanoni da dama. Clacton da Filey an rufe su a 1983. Yau uku suka rage: Skegness, Minehead da Bognor Regis. A Bognor har otal aka gina a 2005, a Minehead kuma aka buɗe sababbin ɗakuna a bakin tafki a 2015, masu falo, kicin da talabijin.

To sai dai kowace riba da hasararta. Da ɗaki wurin kwana ne kawai, rayuwa tana waje, a zaure ɗaya da mutanen da ba ka taɓa gani ba. Da ɗakin ya samu komi, kowa ya ja ƙofarsa.

A Skegness an bar ɗaya daga cikin ɗakunan 1936, hukuma ta saka shi cikin gine-ginen tarihi da ba a rushewa. Mutane na tsayawa su leƙa, suna mamakin yadda kakanninsu ke tara kuɗin shekara don su kwana sati guda a cikinsa.