Dalilin Da Ya Sa Cikon Haƙoran Dattawa Ke Yawan Faɗuwa

A ƙarƙashin farin ɓawon haƙori, wanda likitoci ke kira inamel, akwai wani sashe mai launin rawaya-rawaya da ake kira dentin. Kusan kashi 70 cikin 100 na nauyinsa ma'adanai ne, sauran kuwa zaruruwan kolajin ne da ruwa. Cike yake da ƙananan kafofi masu kama da bututu, waɗanda suka miƙe har zuwa jijiyar haƙori.

Cikon zamani mai launin haƙori da ɗanko ake manna shi. A shekarar 1955 wani likitan Amurka, Michael Buonocore, ya nuna cewa shafa wa inamel asid yana sa ciko ya kama sosai. A yau likita kan shafa asid ɗin fosforik mai ƙarfin kashi 35 zuwa 37 na kimanin daƙiƙa 15, ya wanke, sannan ya shafa ɗankon. Ɗankon kan kutsa cikin kafofin da tsakanin zaruruwan ya daskare, kamar yadda siminti ke kama bango mai kaushi. Wani masani ɗan Japan, Nobuo Nakabayashi, shi ya bayyana wannan haɗuwa a 1982.

Sai dai tsufa da zaizayewa sukan sa dentin ya ƙandare. Ma'adanai kan toshe kafofin, fuskarsa ta yi santsi da sheƙi kamar gilashi. An fi ganin haka a wuyan haƙori kusa da dasashi, inda ya zaizaye ba tare da ruɓewa ba, misali saboda dirza da buroshi mai tauri. Asid ba ya cin irin wannan wuri yadda ya kamata, don haka ɗankon ba ya samun wurin kamawa. Daga nan sai gefen cikon ya yi baƙi, ko ya ɓalle gaba ɗaya, majiyyaci ya sake biyan kuɗi.

Likitoci kan magance wannan ta hanyar kankare wurin kaɗan don ya yi kaushi, ko ƙara lokacin asid, tare da jingina cikon ga inamel ɗin da ke kewaye. Wasu kan zaɓi simintin gilas ayonoma, wanda aka ƙirƙiro a Ingila, domin yana haɗuwa da kalsiyam ɗin haƙori kai tsaye.

Saboda haka faɗuwar ciko ba kullum take nuna sakacin likita ba. Wanda hakan ta same shi yana da damar tambaya ko dentin ɗinsa ya ƙandare, da kuma irin cikon da ya fi dacewa da shi.