Allurar da ta nuna wa Sarkin Musulmi gabas

A watan Maris na 1824, Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya miƙa wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kyaututtuka a Sakkwato. Kamfas ɗin da ke ciki ya ja hankalin Bello ƙwarai, balle da ya ji zai nuna masa gabas domin salla.

Ita allurar maganaɗisu ce. Duniya ma haka, kamar yadda likita William Gilbert ya bayyana a 1600, shi ya sa take juyawa arewa. Gano alƙibla kuwa sai da lissafi, ilimin da Sarkin Yaman al-Ashraf Umar ya haɗa da kamfas tun ƙarni na 13. Daga Karofane, alƙibla ta karkata arewa da gabas, kimanin digiri 17.