Manhajar Lissafi ta Ƙaramar Sakandare da Yaron da Ta Ƙiyasta

Kowace manhaja akwai yaron da ta ƙiyasta a zuci. Ta lissafin ƙaramar sakandare, wadda hukumar NERDC ta tsara cikin shirin ilimin bai-ɗaya na shekara tara, ta fara aiki a 2008 aka kuma sake mata fasali a 2012, ta ɗauka cewa ɗan aji ɗaya ya zo daga firamare da tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa a hannu, kuma yana jin Turanci. A kan wannan zato aka ɗora sauran ginin: aljabara tun daga aji ɗaya, ƙa'idar Fitagoras a aji biyu, tirigonometiri da warware ma'auni biyu lokaci guda a aji uku, sannan jarrabawar BECE. Hujjata a nan ita ce, darussan ba su da laifi a kan kansu. Laifin yana ga zaton, da kuma jadawalin da ya hana malami gyara shi.

Na taɓa zama a bayan wani aji biyu a wata makarantar gwamnati da ke wajen gari. Malamin, mutum mai himma, ya rubuta ½ + ⅓ a allo don share fage kawai, domin darasin ranar aljabara ne. Yaron da ya fito ya rubuta ⅖: ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Malam ya juya ya ce, "Kun yarda?" Aji ya amsa da murya ɗaya. Ya gyara amsar, ya dubi agogo, ya wuce. Da muka fito na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Mako na shida muke ciki. In na tsaya nan, me zan rubuta a littafin aikin mako?"

Kuskuren yaron ba na ganganci ba ne, ƙa'ida ce ya bi, ƙa'idar cikakkun lambobi, ya kai ta inda ba ta aiki. Abin da ya ɓace masa shi ne ganin rabi a matsayin adadi mai girman kansa. Da yana ganin haka, da ya lura cewa biyu bisa biyar bai ma kai rabin da ya fara da shi ba. Wanda bai mallaki lissafin kaso ba kuwa, aljabara za ta zame masa haddar baƙaƙe, tunda x/2 + x/3 wannan tambayar ce dai ta sake riga.

An gina manhajar kan ra'ayin da Jerome Bruner ya yaɗa a 1960, cewa a riƙa komowa kan darasi kowace shekara ana zurfafa shi. Ra'ayi ne mai kyau idan zagayen farko ya kama. Idan bai kama ba, kowane zagaye ƙarin nisa ne. Lant Pritchett da Amanda Beatty sun nuna a 2012 cewa manhajar da ta fi ɗalibai sauri tana iya rage abin da ake koya gaba ɗaya, domin darasi yakan wuce kan mafi yawan ajin tun da wuri. A wajenmu jadawalin zango ne ke ɗaure wannan sauri: mai duba makarantu yana tambayar ko an kammala darussa, ba kasafai yake tambayar ko an iya ba.

Abin takaicin shi ne, yaron nan ba baƙon kaso ba ne. Harshensa yana da rabi da sulusi da rubu'i da humusi da sudusi, har zuwa ushuri. Ya san rabin mudu. Ya ji ana fitar da ushuri daga amfanin gonar damina, rabin ushuri daga ta ban-ruwa. Ilimin gado kuwa darasin kaso ne tsantsa. Mace ta rasu ta bar miji da uwa da ɗa namiji guda: miji rubu'i, uwa sudusi, ɗa ya kwashe saura. Malamin zaure zai ce asalin mas'alar sha biyu ne, miji uku, uwa biyu, ɗa bakwai. Da dukiyar naira 120,000 ce, rabon ya zama 30,000 da 20,000 da 70,000. Wannan sha biyun ita ce mafi ƙanƙantar lambar da huɗu da shida suke shiga ba saura, wato ainihin abin da littafin aji ɗaya ke koyarwa da sunan Turanci, ba tare da yaro ya san ya taɓa jin sa ba. Ba kuma haɗin gambiza ba ne: littafin al-Khwarizmi na Bagadaza, na wajen shekara ta 820, wanda daga sunan littafin ne kalmar aljabara ta fito, babban kasonsa a kan gado da wasiyya yake. Ɗalibin da ba Musulmi ba ma bai rasa ƙofa ba, ga kasuwa, ga adashi, ga bashi, wanda shi ne hanya mafi kusa zuwa lambobin da ke ƙasa da sifili.

Za a ce wannan rage buri ne, a bar 'ya'yanmu suna ƙirga mudu alhali wasu sun kai tirigonometiri, jarrabawa kuma ba ta tausayi. Ƙorafin yana da nauyi, kuma ban goyi bayan manhajar talakawa daban ba. Sai dai a bambance burin da ke takarda da wanda ke cika. Yaron da aka bi da shi ta kan tirigonometiri bai san cewa sulusi ya fi rubu'i girma ba, ba a kai shi ko'ina ba. Makoma ɗaya ce, a aji uku. Abin da nake neman a sassauta shi ne hanyar. Tsarin ƙungiyar Pratham ta Indiya, na koyar da yaro daga matakin da yake maimakon ajin da yake, ya nuna cewa 'yan makonni na irin wannan aiki suna motsa yaran da suka daɗe a tsaye.

Saboda haka zangon farko na aji ɗaya ya kamata jadawali ya sakar wa malami shi. A makon farko a gwada kowane yaro baki da baki, da Hausa in ta kama: ya karanta lamba mai gida huɗu, ya raba 84 gida bakwai, ya faɗi wanda ya fi girma tsakanin sulusi da rubu'i. A kasa ajin bisa amsoshin, a tsaya kan kaso da gwargwado har su zauna, ana faɗin abu da Hausa kafin a ba shi sunan Turancin da jarrabawa za ta tambaya. Darussan da ba a gina komai a kansu nan kusa, irin su lissafin tushe biyu, su jira. Littafin aikin mako kuma a ƙara masa gurbi guda kusa da na "an koyar", inda malami zai rubuta yara nawa ne suka iya.