Lamunin sharif: garkuwar talaka da ta zama shinge

A jihohi da dama na Amurka, wanda aka zaɓa sharif, wato shugaban masu tsaron doka na gunduma, ba ya kama aiki sai ya gabatar da takardar lamuni. A jihar Tekzas, doka ta tsayar da adadin tsakanin dala 5,000 da 30,000, kuma majalisar gunduma ce ke duba takardar ta amince da ita. In ya ci amanar kuɗin jama'a, waɗanda suka tsaya masa su ne za su biya.

Asalin wannan ka'ida yana Ingila. Can, sharif wakilin sarki ne: shi ke tara haraji, ya karɓi tara, ya tsare gidan kaso, sau biyu a shekara kuma ya je baitulmali ya ba da lissafi. Hannun da dukiya ke ratsawa haka ba ya rasa zargi. A 1170, Sarki Henri na Biyu ya sa aka binciki sharifan ƙasar, ya tuɓe mafi yawansu. Turawan da suka zauna a Barjiniya sun tafi da muƙamin, suka kasa yankinsu gunduma takwas a 1634. Bayan ƴancin kai, dokar shari'a ta 1789 ta wajabta wa masu zartar da hukuncin kotunan tarayya lamunin dala 20,000 da matsaya biyu. Hikimar a fili take: wanda jami'i ya ƙwace wa kaya bisa zalunci yana da inda zai nufa a biya shi.

Sai dai a zamanin da babu kamfanonin lamuni, matsayin dole ya kasance mai gona ko mai gida, kuma a kudancin Amurka bayan yaƙin basasa filaye suna hannun tsoffin masu bayi. Ƴantattun bayi sun samu ƙuri'a, amma ba su samu ƙasa ba. Saboda haka baƙin mutum yana iya cin zaɓe, ya rasa mai sa masa hannu, kujerar ta kuɓuce.

Abin da ya faru a Biksbag, jihar Misisifi, ya isa misali. A 1873 mutanen gundumar Waren suka zaɓi Peter Crosby, baƙar fata, tsohon soja, a matsayin sharif. A Disamban 1874, wata ƙungiyar fararen fata masu kiran kansu masu biyan haraji ta kafa hujja da cewa lamuninsa bai inganta ba, ta tilasta masa murabus da makamai. Ranar 7 ga watan, baƙaƙen da suka taho daga ƙauyuka don mara masa baya suka gamu da bindigogi. An kashe gommai daga cikinsu. Sai a Janairun 1875 sojojin tarayya suka mayar da shi kan kujerarsa.

Daga shekarun 1880 kamfanonin lamuni suka fara yaɗuwa, a 1894 kuma majalisar dokokin Amurka ta yarda a karɓi lamuninsu a harkokin tarayya. Sannu a hankali kuɗin shekara da ake biyan kamfani ya maye gurbin sa hannun attajiri. Ka'idar ba ta sauya ba. Abin da ya sauya shi ne wanda ke da ikon cewa lamuni ya isa ko bai isa ba. A Biksbag, wannan iko ne aka ɗora bisa ƙuri'ar jama'a.