Yadda Sabon Inji Ya Sauya Zaɓen Baƙin Mai a Tamale

Baƙin mai mai kauri, irin 20W-50, ya samu gindin zama a garejojin Tamale ne a lokacin da ya cancanta. Motocin da ke hawowa arewa daga Tema da Kumasi a da, su Peugeot da Datsun, injinansu masu kafireto ne, ƙarafansu sun ci sun saki, ga zafin watan Maris da kan kai digiri 40. Kaurin man kan toshe giɓi ya rage hayaƙi, don haka makaniken da ya zuba shi yana da hujja. Sai dai injin da aka gina wannan hujja a kansa yana ƙarewa.

Tun 1905 Alfred Büchi na Suwizalan ya yi rajistar turbo, a 1996 kuma Mitsubishi ya fito da Galant mai fesa fetur kai tsaye cikin silinda. Dokokin rage hayaƙi da shan mai a Turai da Amurka ne suka tilasta haɗa dabarun biyu, domin ƙaramin inji ya yi aikin babba. Ford ya kawo EcoBoost a 2009, Honda ya sa inji mai lita 1.5 da turbo a Civic ta 2016 da CR-V ta 2017, kuma ire-irensu ne yanzu ke sauka Tema a matsayin na hannu. Da suka yawaita sai wata cuta ta bayyana: idan direba ya taka totur inji na juyawa a hankali, ɗigon baƙin mai gauraye da fetur kan kama wuta kafin fulogi ya kunna, bugun kuma yakan tsaga fistin. Bincike ya nuna sinadarin kalsiyam da ake sa wa mai don wanke inji yana ƙara haddasa haka, sai aka rage shi aka ƙara magnesiyam. Daga nan ma'aunin ingancin baƙin mai dexos1 Gen 2 na General Motors ya fito a 2017, API SN Plus a 2018, API SP a 2020.

Za a ce mai marar kauri da sababbin injinan ke so, irin 0W-20, ruwa ne, ba zai jure ranar Tamale ba. Amma inji mai lafiya yana aiki ne a wajen digiri 90 zuwa 100, a Tamale yake ko a Kanada, lagireto ke riƙe shi a nan. Turbo kuwa, da ke juyawa fiye da sau 100,000 a minti, yana buƙatar man da zai isa gare shi nan take da an tayar da mota, wanda kuma ba zai ƙone ya daskare a siririn bututunsa ba. Ƙorafin tsada ya fi ƙarfi, gaskiya ne, ga fargabar jabu a kasuwa. Duk da haka kuɗin juye bai kama ƙafar kuɗin sauke inji ba. Inda yanayinmu ke da ta cewa shi ne tazarar juye: ƙurar hunturu, da gajerun tafiye-tafiye cikin gari waɗanda ke barin fetur ya tsarga cikin mai, suna sa a matso da ita kusa.

Mai mota, duba lambar da ke kan murfin mai ko littafin motarka, ka nemi API SP ko wanda ya biyo bayansa a jikin galan, ka saya inda kake da yaƙini, a ɓalle hatimin a gabanka.